Ƙafar Bayan Keken Auta

Sunan da aka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa a layin masu gyara. Ai-Na-Faɗa kowa ke ce masa, kuma da bakinsa ya saya wa kansa sunan. In tayarka ta sace a hanya, ai ya faɗa. In ruwa ya kece bayan ka shanya kaya, ai ya faɗa. Ranar da rumfar maƙwabcinsa mai walda ta kama da wuta, kafin wani ya rarumo bokiti an ji muryarsa cikin hayaƙi yana sanar da jama'a cewa tun bara ya faɗa. Ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya ji lokacin da yake faɗin ba, amma wannan laifin kunnuwan jama'a ne.

Gyaran keke yake yi tun kansa na da gashi. Rumfar tasa kwano ne a kan turaku huɗu, da igiya mai ƙugiya da ke saukowa daga sama inda yake sagale keke, da tsohon baho na ruwa da ake neman huji a jikin tif, da jerin gwangwanayen madara cike da noti da kusoshi da tarkacen da shi kaɗai ya san ranarsu. Akwai benci guda, ƙafarsa ɗaya ta gaza an tokare ta da tsohuwar feda. Dokokin rumfar ba su da yawa: ba a taɓa masa sifana, ba a ba shi shawara, ba a tambayarsa yaushe zai gama. Duk wanda ya zauna a bencin nan zai tafi da keke lafiyayye, haɗe da cikakken bayani a kan wautarsa da ta iyayen da suka bar shi ya hau keke.

Ba daga sama ya tsinci halin ba. Maigidan da ya koya masa aiki ya ɗauki yabo a matsayin abin da ke lalata yara, don haka da sifana yake ƙwanƙwasa yatsu in an yi kuskure, da shiru yake sakayya in an yi daidai. A duk shekarun koyo sau ɗaya tak ya ji mutumin ya ce "ba laifi", shi ma ba a tabbatar ba ko da shi yake ko da shayin da ke hannunsa. Ai-Na-Faɗa ya fito daga wannan makaranta da hannu mai kyau da baki marar kyau, ya kuma yarda har zuciyarsa cewa haka ake son mutum.

Yadda ya yi aure ma abin ba da labari ne. Akwai wani dattijo da kekensa ya kamu da ciwon da aka rasa gane kansa a wata shekara. Yau birki ya saki, jibi sarƙa ta zame, wani makon sirdi na juyawa. Dattijon ba ya iya zirga-zirga, sai ya riƙa aiko 'yarsa ta turo keken, ta tsaya a inuwa har a gama, gyaran kuwa ba ya ƙarewa da wuri. Ana ɗaura aure keken ya warke sarai, bai sake ko tari ba har mai shi ya koma ga Allah. Ai-Na-Faɗa yakan ce haka ƙarfen zamanin da yake, sai ya gama laulayinsa yake zaunawa. Matar, wadda yanzu duk unguwa ke kira Inna, ba ta taɓa tofa komai a kan wannan bayani ba.

'Ya'ya mata suka yi ta zuwa, suka girma, suka yi aure a garuruwa masu nisa. Sai can a ƙarshe aka sami namiji, Auta. A rumfa ya yi rarrafe. Kafin ya iya ɗaure igiyar takalmi ya iya ɗaure wayoyin ƙafar keke har ta miƙe ta daina rawa. Uban ya ga hannun yaron zai fi nasa, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, ya kuma nuna wannan jin daɗi ta hanyar ce masa sakarai safe da yamma. Ya riga ya yanke cewa Auta zai gaji rumfar. Bai tambaye shi ba, don tambaya ma wani nau'in neman shawara ne.

Sai Auta ya girma, ya tara gemu, ya sami aiki a shagon buga takardu, ya je ya sayo keken tsalle, irin wanda samari ke kira BMX.

Keke ne da in ka gan shi a jingine za ka waiga neman yaron da ya yar da shi. Ƙafafu 'yan ƙanana, sirdi can ƙasa wanda ba a zama a kansa, ba madubi, ba ƙararrawa, ba inda za a ɗaura ko ledar cefane. Ƙaton mutum ya ɗare kai, gwiwoyinsa na gaisawa da kunnuwansa. Da yamma su Auta kan taru a wani filin siminti bayan tsohon sito, suna tsallake bulo da matakala da bakin kwalbati, su tashi sama su diro da ƙarfi, su tafa wa juna kamar sun ciyo yaƙi. A ganin Ai-Na-Faɗa an ƙirƙiro keke ne don ya kai mutum wani wuri. Wannan kuwa sama yake kai ka ya dawo da kai inda ka tashi, da haƙoranka in ka yi sa'a.

Da abin ya tsaya a tsalle da an daure. Amma wata rana rumfa na cike da masu jiran faci, Ai-Na-Faɗa ya ɗauko waƙarsa ta kullum, cewa ranar da ya mutu ba za a gama karɓar gaisuwa ba Auta zai kashe rumfar nan. Maimakon Auta ya yi shiru kamar yadda ya saba, sai ya ce, "Baba, ni fa ba zan riƙe rumfar nan ba. Ina son aikin da nake yi."

A gaban mai walda ya faɗa, a gaban baƙi. Ai-Na-Faɗa ya ajiye famfo a hankali, ya goge hannu a tsumma.

"To madalla," ya ce. "Jama'a ku zama shaida, daga yau ba ni da ɗa mai tsalle. Hanyar gidana ka san ta, to ka manta da ita." Ya ga idanun mutane a kansa, ya so ya nuna musu shi ba azzalumi ba ne, sai ya ƙara da cewa, "Rumfa kuwa ta kowa ce. In gyara ya kawo ka, ka zauna a benci kamar kowa."

Auta ya kwashe kayansa ya kama ɗaki a ɗaya gefen gari. Inna kan ɗauki kwanon abinci ta je ta gan shi duk sanda ta ga dama. Yayyensa mata na kiransa a waya. Abokansa na tare da shi kullum. Da aka duba da kyau, hukuncin nan mai tsanani mutum ɗaya tak ya hana ganin Auta, shi ne wanda ya yanke shi. Kewar yaron ta ci Ai-Na-Faɗa har wandonsa ya fara zamewa, ya ce wa Inna man da take girki da shi ne ba ya karɓarsa. Janye magana kuwa ba ya cikin kayan aikinsa.

Ana nan har wata rana da azahar Auta ya shigo layin, ƙafar bayan kekensa rataye a kafaɗa. Tun daga kwana uban ya gane takunsa, don haka ya ƙara sunkuyar da kai cikin baho yana neman hujin da ya riga ya gano.

"Sannu da aiki, Baba."

"Nan ba Baba. Mai gyara."

"Sannu da aiki, mai gyara."

"Gyara ne?"

"Gyara ne."

"Ga benci nan."

A cibiyar ƙafar baya akwai ɗan faifai mai haƙora wanda sarƙa ke ja, a cikinsa kuma boris ke zaune yana juya shi. A keken mutanen kirki wurin na da faɗi, boris ɗin na da inda zai miƙe ƙafa. A keken tsalle faifan ɗan mitsitsi ne, don haka boris ɗinsa siriri ne, 'ya'yansa ba su fi kan ashana ba. Duk sanda ƙato ya diro daga sama ya danna feda, a kan waɗannan bayin Allah nauyin ke sauka. Da Ai-Na-Faɗa ya buɗe cibiyar, sai ya tarar sun zama tsaki cikin baƙin giris.

"Ai na faɗa," ya ce, da wani irin daɗi a muryarsa.

Aikin da ba zai wuce shan kofin shayi ba ya cinye yinin nan gaba ɗaya. Ya wanke abin da ba ya bukatar wanki, ya kwance abin da bai lalace ba. Yana yi yana duba mai keken ta wutsiyar ido, yana sanar da shi cewa ya rame, gemun bai yi masa kyau ba, rigar kuma ko mahaukaci zai yi shawara kafin ya sa. Auta na zaune yana amsawa da "to", kuma duk sanda uban ya miƙa hannu baya, sifanar da yake nema na sauka a tafinsa kafin ya buɗe baki. Dokar hana taɓa sifana ta tafi hutu ba tare da sanarwa ba. A ranar mai walda ya rantse ya ji Ai-Na-Faɗa na yin fito da baki a hanyar gida.

Ba a daɗe sosai ba sabon boris ɗin ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Wannan karon Auta ya zo da wani abu a aljihu, ya ajiye a kan tsumma. Ɗan zobe ne fari, santsi ciki da waje, na wata irin roba mai tauri.

"Bushin ne, mai gyara. Shi abokaina suka koma sawa a wurin boris ɗin. Sun ce ba ya fashewa."

Ai-Na-Faɗa ya ɗauka ya murza tsakanin yatsu, ya zura shi a faifan, ya shige ɗas. Yatsunsa suka gane gaskiya kafin kansa ya yarda. Ba 'ya'ya a ciki balle su murƙushe. Nauyi in ya sauko, duk jikin zoben zai raba shi. A shafa masa giris a rufe, sai a yi shekaru ba a sake waiwayarsa ba. Kalmar shekaru ce ta ɓata masa lissafi. Ya dubi bencin, ya dubi wanda ke zaune a kai, ya ji tsoro ya kama shi, tsoro na gaske irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

"Roba!" ya ce da ƙarfi, yadda duk layin zai ji. "Na tsufa ina aikin ƙarfe, yau an kawo mini murfin gora in sa a keke. Su waye abokan naka? Masu sayar da bokiti? Boris juyawa yake yi, samari, wannan kuwa gogawa yake yi. Ka sa shi ka ji keke ya yi maka nauyi kamar kana jan buhu."

Akwai ƙwayar gaskiya a maganar, don bushin bai kai boris sulɓi ba, kuma wannan ƙwayar ce ya riƙe da hannu biyu. Ya jefa zoben cikin gwangwanin tsofaffin noti, ya ɗauko boris. Auta ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Yadda ka gani, mai gyara."

Haka rayuwa ta sami tsari. Boris ya fashe, Auta ya zo, a yi yini ana zaginsa, ya tafi. Ai-Na-Faɗa ya ƙware wajen sanin lokacin da ciwon zai tashi. In ya ƙarato, sai a ga ya share rumfa, ya goge benci, ya kori 'yan zaman kashe wando da suka saba shan inuwa a kai, ya ce wa mai shayi ya riƙa leƙowa. Ba a taɓa ganin likitan da ke ɗokin dawowar cuta irinsa ba.

"Maƙwabci," in ji mai walda wata rana, yana ɗage gilashin fuskarsa, "wannan mai ƙaramin keken naka ya fi kowa rashin sa'a a garin nan. Kowa in ka yi masa gyara sai ya manta kamanninka, shi kuwa kullum yana hanya."

"Ka kula da wutarka kafin ta sake cin rumfa," in ji Ai-Na-Faɗa.

Shi dai a ransa bai cuci kowa ba. Boris mafi kyau yake nemowa, yakan tafi har ƙarshen kasuwa don shi. Bai taɓa barin noti a sake ba, bai taɓa rage giris ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya zaɓi abu mai kyau ya bar wanda ya fi dacewa, kuma wa aka taɓa kamawa a kan wannan? Sau ɗaya ne lissafin ya so ya ƙwace masa, ranar da Auta ya ce, yana wasa da wata 'yar kusa a hannu, "In zai fashe ba ya sallama, ka sani. Rannan ina dirowa feda ta tafi da ni, saura kaɗan in sha ƙasa." Uban ya ce ai ya faɗa, keke ba tsuntsu ba ne. Amma bayan yaron ya tafi ya zazzage gwangwanin noti, ya tsamo farin zoben, ya goge shi da gefen riga, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya mayar da shi ya rufe da noti.

Inna ba ta zuwa rumfa. Tun da aka kai ta gidansa ba ta sake taka wurin ba, takan ce ta yi tsayuwar da za ta ishe ta har ƙarshen rayuwa. Don haka da aka gan ta wata safiya tana ratso layin, mayafi a kafaɗa, ƙafar keke a hannu, har mai walda sai da ya kashe injinsa.

Ta dire ƙafar a kan benci.

"Ga gyara na kawo, Baban Auta. Au, na manta, ba ka da ɗa. Ga gyara, mai gyara."

"Ina mai ita?"

"Yana ɗakinsa. Hannu a karye, an ɗaure an rataya masa a wuya. Haɓa an ɗinke. Jiya da yamma ya diro, abin da ka sa masa ya watse, ya tafi da fuska a kan siminti."

Bakin Ai-Na-Faɗa, da yake ya saba aikinsa ba sai an sa shi ba, ya buɗe da kansa. "Ai na..."

Ya tsaya.

"Ƙarasa mana," in ji Inna. "Jama'a na jira."

Bai ƙarasa ba. Ya jawo ƙafar ya fara kwancewa don ya sami inda zai sa idonsa. Sifana ta zame ta ƙwale masa yatsa. Tsakin boris ya zubo a tsumma, wannan karon bai ji daɗin ganinsa ba ko kaɗan.

Inna ta zauna a bencin, ta gyara mayafi, ta sassauta murya yadda mai walda zai sha wahala kafin ya ji.

"Ya ce mini ya taɓa kawo maka wani farin abu da ba ya fashewa, ka ce murfin gora ne."

"Roba ce. Ke me kika sani a aikin keke?"

"Ni? Ai ni na yi jinyar keken Babana shekara guda cur. Birki yau, sarƙa jibi. Na san irin ciwon nan, na kuma san mai sa shi."

Ai-Na-Faɗa ya yi tsuru-tsuru. Shekarun nan duka yana zaune da mace a gida ɗaya yana ganin ya yi mata wayo, ashe kallonsa kawai take yi.

"Wancan bai karya hannun kowa ba, shi ya sa na ja bakina na yi shiru," ta ce. "Wannan kuwa ɗana ne. In kana son ganinsa, ƙafafunka biyu lafiyarsu ƙalau, ka tashi mu je."

"Na riga na yi magana a gaban mutane."

"To ka ci maganarka ka ƙoshi. Amma ka sa masa abin da ba ya fashewa, yanzu, ina kallo." Sannan ta ƙara da cewa, "Kai har yau gani kake birkin ne ke kawo ni?"

Shi kuwa tuni kansa na cikin gwangwani. Ya tsamo bushin, ya wanke faifan tas, ya shafa giris, ya zura zoben, ya ɗaure komai daidai. Bai taɓa yin aiki mai kyau da sauri irin wannan ba. Ya rataya ƙafar a ƙugiya ya kaɗa ta, ta yi ta juyawa ba rawa ba gurnani, sai 'yar ƙas-ƙas ɗin da kowace lafiyayyar ƙafa ke yi. Ya miƙa wa Inna, ta ɗauka ta tafi. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, yana jin baƙin ciki ƙarara, don ya san da hannunsa ya toshe hanya ɗaya tak da ta rage tsakaninsa da ɗansa.

Daga nan labarin Auta sai a bakin Inna, ita ma ba shi take ba wa ba, bango take gaya wa in tana kwashe kwanuka. An kwance hannu. An cire zare. Ya koma aiki. Ya koma tsallensa. Ƙafar kuwa, in ji bango, ba ta taɓa daɗi irin na yanzu ba.

Damina ta zo ta wuce. Bushin na nan daram, ɗan banza, ko gezau. Ai-Na-Faɗa ya sha gyara kekuna suna dawowa yana zagin masu su, yau ga aiki ɗaya da ya yi wanda ya ƙi dawowa, kuma shi ne ya fi ƙona masa rai. 'Yan zaman kashe wando suka dawo bencin, bai kore su ba. Mai shayi ya daina leƙowa. Zaginsa ma ya rage gishiri, har wani mai keke ya tambaye shi ko ba ya jin daɗi ne. Ya riƙa fatan ko waya ɗaya ta tsinke a ƙafar, ko taya ta sace, sai ya tuna ai duk waɗannan Auta na gyara su ido rufe.

Mai walda ne ya ƙarasa masa tunanin, ba tare da an roƙe shi ba. "Ni abin da ke ɗaure mini kai, maƙwabci, yaron nan hannunsa ya fi naka. Robar nan ana sayar da ita a kasuwa. Me ya hana shi tun farko ya sayi wata ya sa abinsa a ɗakinsa, yake ratso gari da ƙafa a kafaɗa yana zuwa shan zagi?"

Ai-Na-Faɗa ya buɗe baki zai aika shi wurin wutarsa, sai tambayar ta soke shi. Mutumin da ya san komai tun kafin ya faru bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba. Ya yini da ita, ya kwana da ita, ta hana shi sakat. Amma tashi ya ratsa gari ya ƙwanƙwasa ƙofa, wannan kuma ai sai wanda bai yi magana a gaban mutane ba.

Wata yamma, ya fara tattara kaya ke nan, ya ji takun daga kwana. Bai sami damar sunkuyawa cikin baho ba, don ya riga ya zubar da ruwan. Auta ya tsaya a bakin rumfa, ƙafar baya a kafaɗa, ga tabo a haɓa inda gemu ya ƙi fitowa. Uban ya kalli tabon, ya kau da kai.

"Sannu da aiki, Baba."

Mai walda ya kasa kunne yana jiran a ce nan ba Baba. Ba a ce ba.

"Gyara ne?"

"Gyara ne. Ƙara take yi."

Ai-Na-Faɗa ya karɓi ƙafar ya rataya a ƙugiya, ya kaɗa ta. Ta juya sumul. Ya girgiza faifan, ko motsi. Ya sake kaɗawa ya kara kunnensa kusa da cibiyar. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa riƙe ƙafa mai lafiya irin wannan ba. Su biyun suka tsaya suna sauraron ta, kowa ya ƙi kallon ɗan'uwansa.

"Ka ji ko?" in ji Auta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Uban ya gyaɗa kai.

"Kurma ma ya ji," ya ce. "Ai na faɗa, roba roba ce. Sai an buɗe ta gaba ɗaya."

Auta ya kai hannu kan tsumma ya ɗauko sifanar da ke buɗe cibiyar, ya miƙa masa kafin ya nema. Ai-Na-Faɗa ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ita ce dai wadda ya buɗe ƙafar nan da ita a kowane zuwa.

"Wannan ta cinye, ba za ta kama ba," ya ce. "Mai kyan tana gida."

Ya zura ta a aljihu, ya sauke ƙafar daga ƙugiya ya tura wa Auta.

"Ɗauko mu je, sakarai. Ko ni zan ɗaukar maka?"